Tsanwa a tablo, famfo ba ruwa

 

Yau ina so mu taɓa magana a kan wani abu da yawancinmu ba mu taɓa sa shi a ido ba, alhali da shi ake yanke shawarar garin da za a gina wa aji, da wanda za a haƙa wa foraj, da wanda za a ce ya dakata sai baɗi. Ma'aikatan furoje suna ce masa tablo de bor. Ni da Hausa nakan ce allon bin sawun ayyuka. Aikina ke nan shekara da shekaru: in tattaro alƙaluma daga karkara, in zuba su a ordinatar, in fito da allon da shugabanni za su duba ran taro. Don haka na ga ya dace in faɗa muku yadda abin yake, da amfaninsa, da kuma inda yake ruɗin mutane.

Sunan ma daga mota aka aro shi. Duk wanda ya taɓa zama gaba kusa da direba ya ga tablo: allura guda tana nuna gudu, guda tana nuna esansi, guda tana nuna zafin inji. Direban da ya taso daga Maraɗi zai tafi Yamai ba ya tsayawa kowane gari ya buɗe gaban mota. Ido kawai yake jefawa ya san halin da ake ciki. To haka shi ma wannan allon yake. Shafi ne guda a fuskar ordinatar ko waya, mai taswira da zane-zane da launuka, wanda ke janyo bayanai daga rahotanni masu yawa ya tara su wuri ɗaya. Tsanwa na nufin aiki yana tafiya. Ruwan ɗorawa na nufin a kula. Ja na nufin akwai matsala.

Me ya sa ake bukatarsa? Ku ɗauki kwamin guda ta karkara. Tana da tsarin raya ƙasa na shekara 5, wanda ake kira PDC, kuma kowace shekara ana fitar da jerin ayyukan da za a zuba wa kuɗi. Cikin jerin nan akwai aikin da kwamin za ta yi da harajinta, akwai na gwamnati, akwai wanda kuɗinsa ke biyowa ta hukumar ANFICT, akwai na ƙungiyoyi masu zaman kansu, kowace da motarta da allonta a bakin hanya. Akwai ma na ɗan gari da ya samu a waje ya ce zai gina wa mahaifarsa ɗakin haihuwa. Kowa da littafinsa, kowa da ranar rahotonsa. In ba a tara su wuri guda ba, sai ka tarar gari ɗaya da ke bakin kwalta ya samu foraj biyu, wani can cikin tudu, tafiyar awa biyu a amalanke, ko rijiyar siminti bai samu ba. Sau da yawa ba mugunta ba ce. Kowa ya zaɓi inda motarsa za ta isa, kuma babu wanda ya ga zaɓin ɗan uwansa. Ranar da aka ɗora ayyukan duka a taswira guda, abin yakan fito fili har ya ba mutum kunya.

Tambaya uku allon kirki yake amsawa a kan kowane aiki: nawa aka kashe, ina aikin ya kai, kwana nawa suka rage. Amfanin yana wurin haɗa su. A ce an ware miliyan 20 don gina azuzuwa. Mai kula da kuɗi ya ce an fitar da kashi 80 cikin ɗari, shi a wurinsa aiki na tafiya. Tekinisiyen ya ce gini yana kashi 30, ko linta ba a kai ba. Kowanensu gaskiya ya faɗa, amma a takardu daban. Sai an jera su kafaɗa da kafaɗa mutum zai gane an biya ɗan kwangila fiye da aikin da ya yi, kuma in ya ɓace babu abin riƙe shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin a yi allon.

Sai maganar kayan aiki da mutane, wadda ita ce aka fi mantawa. A takarda ana iya tsara aiki goma su tafi lokaci guda. A ƙasa kuwa kat-kat guda ce, direba guda, tekinisiyen guda da zai duba gini a kwamin uku. Majo guda ne a gidan likita, shi ake kira horo, shi ake jira ya jagoranci rigakafi, shi zai cika rahoton wata, ga marasa lafiya a kan benci. Daga Yuli zuwa Oktoba ana rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara ƴan wata 3 zuwa wata 59, gida gida, kuma waɗannan ƴan sa-kai ɗin dai su ne ake nema in wani aikin ya taso. In allon yana nuna wa ke ina a wane mako, sai a ga karon tun kafin ya faru, a matsar da horon, a bar majo ya yi aikinsa.

Kuma ƙasarmu tana da kalandarta wadda ba ta jiran sa hannun kowa. Da ruwa ya sauka, hanyoyin da ke ƙetare Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba sai a hankali, babbar mota da siminti ba ta shiga, leburori sun koma gona. Aikin gyaran fako, rabin wata da tassa, da rani ake yinsa kafin ruwan farko, in ya wuce ya wuce. Bayan girbi samari sun kama hanyar ci-rani. Irin shuka da ya iso hannun manomi a watan Agusta ya zama na tuwo. Allon da aka gina da sanin wannan zai kunna ja tun watan Afrilu in ba a sayi iri ba. Wanda aka kwafo daga wata ƙasa zai zauna tsanwa har ranar ƙarshen kwangila, don shi a lissafinsa akwai sauran wata shida.

Kayan da ake yin aikin da su ba wasu abubuwan mamaki ba ne. Yaran nan da kuke gani suna zuwa da waya suna tambayoyi, galibi KoboToolbox suke amfani da shi, wanda ke karɓar amsa ko babu rezo, sai an dawo inda akwai a tura. Daga nan bayanan su shiga Excel, ko Power BI na kamfanin Microsoft, a fitar da zane. Ɓangaren lafiya yana da nasa, DHIS2, wanda jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙiro, ƙasashen Afirka da yawa suna aiki da shi, har da Nijar. Nan rahoton wata na gidajen likita yake taruwa. A fannin abinci kuma akwai taswirar nan ta ƙungiyar CILSS da ake fitarwa wajen Nuwamba da Maris, mai launi biyar, daga tsanwa zuwa ja mai duhu, ga kuma SIMA da ke bin farashin hatsi a kasuwanni. Ashe ke nan mun daɗe muna rayuwa ƙarƙashin irin waɗannan alluna, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Abin da ya sa maganar ta fi zafi yanzu, kuɗi sun ragu. Bayan 26 ga Yuli 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da nasu. A farkon 2025 kuma gwamnatin Amurka ta tsayar da mafi yawan ayyukan USAID. Ga ambaliyar 2024, wadda ta kashe fiye da mutum 300, ta shafi sama da miliyan ɗaya, ta rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram, har aka ɗage komawa lakkwal zuwa 28 ga Oktoba. Bukata ta ƙaru, abin hannu ya ragu. Sannan tun da aka kafa asusun FSSP a Oktoba 2023, ƴan dalolin da ake cira a kiran waya da tikitin mota daga aljihunmu suke fita. In kuɗi na da yawa, kuskuren zaɓi yakan ɓoye. In sun yi kaɗan, duk aikin da aka sa gaba wani aka ture baya. Ba mu manta da gobarar ajin zana ta Nuwamba 2021 a Maraɗi ba, wadda ta ci yara fiye da 20, bayan irinta a Yamai cikin Afrilun shekarar. A lokacin hukumomi sun ce azuzuwan zana sun kai wajen 36,000 a ƙasar. Ba za a gina su rana ɗaya ba. Dole a jera, wane ne farko, wane ne na biyu. Ni dai na fi so a yi jerin nan da alƙaluma a gaban kowa, da a yi shi da wa ya san wa.

To amma fa allo yana da inda yake ruɗi, kuma nan ne nake so ku buɗe kunne.

Na farko, abin da aka zuba masa shi yake nunawa, kuma an fi zuba abin da ke da saukin ƙirgawa. An haƙa foraj, an ɗora shato, an yi bikin buɗewa, an ɗauki hoto: tsanwa. Wata rana mun je wani gari duba wani aikin daban, na ga mata jere a bakin tsohuwar rijiya da guga, ga shato sabo fil yana ƙyalli a bayansu. Na gaida wata dattijuwa na ce, “Inna, ga famfo can, me ya kawo ku nan?” Ta dube ni ta ce, “Ɗana, tun da anka yi bukin buɗewa, wata biyu ɗai munka sha ruwa nai. Injin ya mutu, mai gyara ya ce sai an aiko da wani abu daga birni. Mu dai muna nan muna jira.” A allon masu aikin, garin nan tsanwa ne, don tambayar da allon yake yi ita ce an gina ko ba a gina ba. Babu layin da ke tambaya ko yau akwai ruwa. Haka aji da aka gina babu malami, haka gidan likita da firjin rigakafinsa ya lalace.

Wannan darasi ƙasarmu ta biya shi da tsada a 2005. Bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, ido ya fi karkata ga lissafin hatsi: ina aka yi giɓi, ton nawa ya rage. Amma da yawa daga yaran da tamowa ta kwantar daga kudancin jihar Maraɗi suka fito, inda ake ganin nan ne rumbun ƙasa. Hatsi yana kasuwa, buhu ya doshi jikka 30 a wasu wurare, talaka ya sayar da nasa tun kaka don biyan bashi, ba shi da abin saye. Ma'aunin yana duban gona, yunwar tana cikin gida. Daga baya ne aka ƙarfafa binciken tamowa a kai a kai. Duk mai gina allo a ƙasar nan ya kamata ya riƙa tuna shekarar.

Na biyu, lissafin kashi cikin ɗari yana bukatar a san yawan mutane. Alƙaluman da aka daɗe ana aiki da su sun samo asali ne daga ƙidayar 2012, wadda ta ba da mutum miliyan 17.1, da ƙaruwar kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Daga nan ake ta ƙiyasi. Amma mutane ba sa zama inda ƙiyasi ya ajiye su. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo yankin Gidan Rumji da maƙwabtansa. Gidan likitan da aka ƙiyasta masa yara dubu, in ya yi wa dubu da ɗari biyu rigakafi, allo zai nuna kashi 120, a tafa masa, alhali wataƙila yaran da ke wurin sun kai dubu biyu. Duk lokacin da kuka ji an ce an wuce kashi ɗari, a tambaya: ɗari na wa?

Na uku, shiru. Garin da ba shi da rezo, ko wanda hanyarsa ba ta biyuwa saboda ruwa ko rashin tsaro, rahotonsa ba ya isowa kan lokaci. A allo sai wurinsa ya fito fari, ko a bar masa launin watan jiya. Idon shugaba kuwa ja yake nema. Inda ba ja, sai ya wuce. Ga shi kuma wuraren da ba a jin ɗuriyarsu su ne galibi suka fi shan wuya. Shi ya sa a kowane allo nake so a rubuta ranar da labari na ƙarshe ya shigo daga kowane gari, kuma wanda ya yi wata biyu shiru a ba shi nasa launin mai tayar da hankali.

Na huɗu, tsoron ja. In shugaba ya mayar da allo bulala, duk wanda layinsa ya yi ja a ci masa fuska gaban jama'a, to wallahi cikin wata uku allon zai koma tsanwa gaba ɗaya, ba tare da an ƙara bulo ko ɗaya ba. Ma'aikaci ɗan Adam ne, yana da iyali, yana tsoron kwangilarsa. Na zauna tarurruka iri biyu. Akwai inda ake cewa “wa ya jawo wannan?”, kowa ya sunkuyar da kai. Akwai inda ake cewa “me ya tsayar da aikin, me kake bukata?”, sai ka ji gaskiya tana fitowa: gazuwal ya ƙare, takardar biya ta kwana uku a kan tebur, ɗan kwangila ya kwashe ma'aikatansa ya kai wani wuri. Direban da ya cire wayar fitilar zafin inji don kar ta dame shi, kowa ya san inda tafiyarsa za ta ƙare.

Na biyar, kuma shi ya fi damuna: wa ke ganin allon? Yawanci yana Yamai, ko a biro mai sanyi a babban birnin jiha, da Faransanci, a bayan lambar sirri. Mai ba da kuɗi yana ganinsa daga Turai. Mutumin da aka yi aikin dominsa, wanda aka zo aka tambaye shi yawan ƴaƴansa da awakinsa, shi ne kaɗai ba ya gani. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun kwaminoni aka naɗa kantomomi, babu zaman kansiloli inda wakilin gari zai miƙe ya ce ina aka kwana a kan aikinmu. Wannan ya ƙara wa allon nauyi. In ba a fito da shi fili ba, talaka ba shi da ta inda zai leƙa.

In kuna son ganin allon da ya yi daidai, ku dubi ɗan zaren awon dantse da ake ba uwaye. Launi uku gare shi. Ƙasa da milimita 115 ja ne, a garzaya gidan likita. Tsakanin 115 da 125 ruwan ɗorawa, a kula. Sama da haka tsanwa. A yankin Mirriya aka gwada koya wa uwaye su auna da kansu, aka ga suna iyawa, abin ya bazu. Ba ya cin kuran, ba ya son rezo, ba sai an yi lakkwal ba. Yana auna abin da ya dace, yana hannun wadda abin ya fi shafa, kuma kowane launi yana da matakin da za a ɗauka nan take. Duk allon da ya rasa waɗannan uku, ko nawa aka kashe a kansa, ado ne.

Saboda haka ga roƙona. Ga kantomomi da shugabannin furoje, ranku ya daɗe: a buga shafi guda kowane wata uku, da Hausa, da boko da ajami, a liƙa a bangon ma'aikatar magajin gari da ƙofar maigari. Sunan aiki, gari, kuɗin da aka ware, wanda aka biya, inda aiki ya kai, ranar da aka yi alkawarin gamawa. A karanta shi a rediyon gari ran kasuwa. A ƙara layi guda ga duk aikin da aka gama: yana aiki yau ko ba ya yi? A bar kwamitin ruwa da na iyayen yara su ne za su amsa wannan, ta saƙon murya ma ya isa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga jama'ar gari: in masu waya sun zo tambaya, a faɗi gaskiya. Na san dalilin da ke sa a ƙara yawan iyali ko a ɓoye buhun da ke rumbu, kowa yana tsoron kar a tsallake shi. Amma in gari goma duk suka ce su ne suka fi kowa wahala, allon ba zai iya rarrabewa ba, sai a koma zaɓe da son rai, kuma mai rauni na gaskiya shi zai faɗi. Ku ma ku yi tambaya kafin su tafi: wa ya aiko ku, me za a yi da amsar, yaushe za mu ji sakamako? Haƙƙinku ne.

Ga ƙannena da suka gama karatu suna zaune a fada ana shan shayi: wannan sana'a ce. A fara da Excel, a iya shi sosai. Power BI na ordinatar kyauta ake sauke shi, Kobo ma akwai na kyauta. Ba sai ka jira furoje ya ɗauke ka ba. Ka ƙirga famfunan unguwarku, nawa ke aiki nawa suka mutu, tun yaushe, ka zana, ka kai wa mai unguwa. Wanda ya san ran kasuwar kowane gari, ya san watan da gulbi ke cika, ya san yadda ake gaida dattijo kafin a tambaye shi, zai gina allon da ya fi na baƙon da aka ɗauko da jirgi.

Mu da ke wannan aiki kuma, mu riƙa tashi daga kan kujera. Gani ya kori ji. Ko wata ɗaya sau ɗaya, a zaɓi layi guda mai tsanwa, a shiga mota a je a murɗa famfon da hannu.

Wanda ya san wani aiki a garinsu da aka ce an gama alhali ba ya amfani, ya faɗi sunan garin da irin aikin, cikin ladabi, ba zagi ba ƙazafi. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.